Malamin Lissafi a Bakin Kusugu

Malam Subaramani muke ce masa,
don harshenmu ya kasa ɗaukar sunan gaba ɗaya.
Shi ke koya mana lissafi a aji uku,
alli a yatsa, toka layi uku a goshi,
mu kuwa muna ta zunɗensa,
wai ya fito bai wanke fuska ba.

Ran da muka kai shi Kusugu Asabar ce,
ni da Sallau ɗan mai gyaran keke.
Tun daga ƙofa ya tuɓe takalmi.
Ba wanda ya ce ya tuɓe.
Mai gadi ya ba shi labarin da kowa ya sha da nono:
macijin da ya hana guga sauka sai Juma'a,
baƙon da ya zo da dare, da ƙishi, da takobi.
Muna jiran dariyar masu boko.
Sai ya leƙa ciki, ya daɗe,
ya ɗago ido jawur.

Ya ce, da gurguwar Hausarsa:
A garinmu ma akwai maciji.
Mu ba mu kashe namu ba.

Ya zauna a ƙasa kamar ɗan gida.
Ya ce wata saniya ce, a zamanin da ba a ƙirga ba,
kullum ta dawo kiwo hantsarta fayau.
Makiyayi ya bi sawunta,
ya iske ta tsaye kan suri,
nono na zuba ba mai tatsa.
Ya ɗaga gatari cikin fushi, ya sari surin,
sai jini.
A nan aka kafa ɗakin ibadarsu,
dutse kan dutse, ba laka,
da tafki mai matakala har ƙasa,
inda kifi ke tsufa ba a taɓa shi.
Ya ce akwai wata fitila can ciki,
gidansu ke kai mata man riɗi
tun kakan kakansa,
kuma bana shekara shida ke nan
ƙanensa ke ɗaukar tulun a madadinsa.

Sallau ya raɗa mini: A'uzubillahi, gunki.
Malam ya ji. Bai ce kome ba.
Ya ciro kwalbar tawada wankakkiya daga aljihu,
ya roƙi mai gadi ya cika masa.

Da dare na kwashe duka na faɗa wa kakata Yalwa.
Tana jan carbi, ba ta tsaya ba.
Can ta ce: Allah ɗaya ne, je ka kwanta.
Har na kai ƙofar ɗaki ta ƙara:
Baƙon naku, wa ke yi masa tuwo?

Washegari ni na kai masa kwano,
miyar kuka ba nama, don an ce ba ya ci.

Ya tafi shekarar da aka daina biyansu.
Wasiƙa ɗaya ta zo, da shuɗin tambari,
ya ce ya juye ruwan Daura a tafkinsu,
kifayen ba su yi gardama ba.
Na amsa sau biyu. Shiru.

Yanzu gemuna ya fi tokarsa fari.
Ina sallata, ban taɓa shakkar alƙiblata ba.
Lissafin da ya koya mini ya zube a hanya,
sai abin da ba a tambaya a jarrabawa:
yadda mutum ke leƙa rijiyar wasu
ya hango gidan ubansa.

Jiya na kai jikata Barira Kusugu.
Ta ce, Kaka, ina takalminka?
Na duba.
Suna can ƙofa.